Ƙarar da Ke Zuwa Ta Tafi: Darasin Motar Fowil Tsakanin Kolofata da Garwa

 A wannan fitowa mun roƙi fili domin mu yi magana a kan mota, watau irin a-kori-kurar nan mai jan ƙafa huɗu da ake ce wa fowil, da wata 'yar ƙara da takan yi a ƙarƙashinta yau, gobe kuma ta yi shiru kamar ba ta taɓa yi ba. Duk wanda ya daɗe a kara ya san saniyar da ke ɗingishi a ruga, amma da an kawo ta gaban mai saye sai ta miƙe ta yi tafiyarta garau. To haka mota ke yi wa makaniki. Mu dai ta yi mana, ta ci mana kuɗi, ta ci mana kasuwa guda, har ta kusa sa mu ɗauki alhakin wani bawan Allah. Shi ya sa muka ga ya kamata mu ba da labarin, ko wani ya tsira da aljihunsa.

Abin da ya sa ƙara ta hana mu barci

Mu uku muka haɗa kuɗi muka sayi motar. Tsohuwa ce ta hannu, mai shan gas, mai ƙaramin sandan giya a gefen babban. Lodin shanu aikin tirela ne ko na masu kora a ƙasa. Ita aikinta kai ƙulin auduga da kanwa da gishiri da magani ruga, da ɗauko maraƙin da ya gaza ko 'yan tumaki, da kai mu kasuwa da wuri. Daga Kolofata zuwa Mora, hedkwatar Mayo-Sava, kilomita 20 ne da 'yan kai. Daga Mora zuwa Marwa kimanin 60, daga Marwa zuwa Garwa kuma sama da 200 a kan babbar hanya mai lamba 1. Amma in mutum zai shiga rugagen da ke gindin duwatsun Mandara, dole ya ratsa yashin mayo, da damina kuma ga laka irin ta karal mai riƙe taya kamar danƙo. Wannan ne ya sa Hilux da Land Cruiser, musamman samfurin 70 wanda aka fara fitarwa a 1984, suka zama jakunan wannan yanki.

Sa'an nan kowa ya san halin da muka shiga. Ranar 27 ga Yuli 2014 'yan Boko Haram suka shigo Kolofata suka kashe mutane, suka tafi da matar mataimakin firayim minista Amadu Ali da lamiɗon gari. A Janairun 2015 suka sake dawowa kan barikin soja. Cinikin da ake yi ta Amcide da Banki da Kerawa ya durƙushe a waɗannan shekaru, shanu masu yawa suka salwanta. Tun daga lokacin babu mai hankalin da ke son magariba ta same shi a daji da mota a kwance. Muna samari in mota ta lalace a hanya, sai a shimfiɗa tabarma a kwana a gindinta. A yau irin wannan kwana yana iya zama na ƙarshe, Allah Ya kiyaye.

Yadda abin ya fara

A ƙarshen daminar 2023 muka fara jin ta. In mota na tafiya a hankali sai a ji ƙii, ƙii, ƙii daga ƙasa kamar kukan 'yan tsaki. In gudu ya kai 60 kukan sai ya ɓace, a ji wata rawa tana shigowa ta tafin ƙafa da kujera. Ta yi kwana biyu haka, sa'an nan ta yi mako guda shiru, sa'an nan ta dawo.

Sau uku muna kai ta gareji, sau uku tana ba mu kunya. Makaniki ya shiga ya zagaya gari da ita, ko tari ba ta yi ba. A zuwa na biyu ya ce tun da daga gaba muke jin abin, boris ɗin tayun gaba ne. Muka saya aka canza duka biyu. Ta yi kwana biyar shiru, muka yi hamdala, ashe da sauran rina a kaba. A zuwa na uku aka juye man giya aka zuba sabo, aka ce in ba ta daina ba sai an sauke giyabos.

Wata Alhamis muka yi sammako za mu Bogo. Tun kafin Mora rawar ta taso da ƙarfin da ba ta taɓa yi ba, har madubi na kaɗawa. Direba ya ce shi ba zai wuce 30 ba. Haka muka yi ta jan ciki, ko da muka isa kara rana ta take, bijiman da muka je dominsu an riga an sallama su. Muka dawo hannu rabbana.

A daren nan ɗayanmu ya kawo shawara. Ya ce ai ba kullum take yi ba, mu kai ta Garwa, ranar da ta yi shiru mu sayar mu huta. Gaskiya shawarar ta shige mu, domin mun gaji. Babbanmu ne ya ce, "Haba Alhaji, mu da muka karanta babin ciniki a Risala tun muna yara, muka ji hukuncin ɓoye aibi? Mu da in an sayar mana da saniya mai ciwon hanta muke kai ƙara gaban sarkin shanu? In wanda ya saya ya shiga daji da iyalinsa ta kwanta masa fa?" Duk muka yi shiru. Aka tsaya a kan za a kai ta Garwa, in ta gyaru to, in ba ta gyaru ba a sayar da ita tare da faɗin abin da ke damunta.

Dattijon da bai taɓa sifana ba

Muka haɗa tafiyar da cin kasuwar Adumri. Tun daga Kolofata har muka hango gadar Binuwai, motar nan ba ta ce uffan ba. Wani abokin cinikinmu ya raka mu wurin wani dattijon makaniki. Muna tsammanin zai shiga ƙarƙashi, sai ya sa aka kawo benci ya zaunar da mu, ya kira direba da yaron mota.

"Alhaji, ranar da ta yi kukan, daga ina kuka fito?"

Muka yi ta tunani. Direba ya ce duk ranakun da yake iya tunawa, daga ruga ne ko bayan an ratsa mayo.

"Ranar Bogo fa?"

"Daren Laraba mun kai ƙuli ruga, Baba, mun dawo a makare."

Sai ya juya wajen yaron mota. "Ɗana, wa ke murɗa hob?"

"Ni ne, Baba."

"In kun fito daga yashi, nan take kake buɗewa?"

Yaro ya sunkuyar da kai. Ya ce in wurin ba na tsayawa ba ne, maigida yakan ce a wuce a buɗe a gaba, wani lokaci kuma in an isa gida sai ya manta. Amma in za a shiga gari wurin makaniki, ko za a yi doguwar tafiya, yakan duba ya buɗe. Wannan maigidan kuwa mu ne.

Dattijo ya tashi ya kulle hob biyun da hannunsa, ya bar ƙaramin sanda a H2, ya ce a sauke gilashi a bi ta jikin wata doguwar katanga a hankali. Ba mu yi taku ɗari ba sai ga ƙii, ƙii, ƙii, katanga na dawo mana da ita. Ya buɗe hob, shiru. Ya kulle, ta dawo. Sai da ya yi haka sau uku kafin ya sa a danne tayu da duwatsu, ya shata alama da alli a mahaɗin farfelar gaba, aka kwance ta. Kuros ɗaya ya ƙage, yana lanƙwasa ta gefe guda, ɗaya gefen ko da guduma. Da aka fitar da shi, 'yan alluran da ke cikin hularsa sun bushe sun zama jan gari kamar barkono. Ɗan nonon da ake ɗura masa giris laka ta toshe shi, Allah kaɗai Ya san tun yaushe. Kuɗin kuros da na aiki bai kai na tunkiya ba, alhali abin da muka kashe a baya ya ninka wannan sau uku, ban da asarar Bogo.

Da za mu tafi ya ce, "Alhaji, ku kuke kwana da saniyar, ni baƙo ne. In ba ku faɗa mini lokacin da take tari ba, sai dai in yi ta lalube da kuɗinku." Makanikinmu na farko ma ba mu ga laifinsa ba, domin abin da muka kai masa kawai shi ne "tana ƙara".

Dalilin zuwa da tafiyar ƙarar

Ga yadda abin yake. A irin wannan mota, ƙarfin inji na bi ta giyabos ya shiga wani ƙaramin akwati a bayansa da ake kira taransifa. Daga nan farfela biyu suka fita, ɗaya ta nufi tulun da ke tsakiyar aksul na baya, ɗaya ta nufi na gaba. Kowace farfela tana da kuros a bakinta, wanda makanikan da suka koyi aiki da Faransanci ke ce wa kurwaziyo. Shi ke ba ta damar juyawa alhali aksul na hawa da sauka.

In sanda na H2, hob kuma na buɗe, watau inda aka rubuta FREE, tayun gaba na gangarawa ne su kaɗai, farfelar gaba da duk kayan cikin aksul ɗin gaba suna kwance. Da an murɗa hob zuwa LOCK, ko da sanda na H2, tayu za su riƙa juya waɗannan kaya duka. Saboda haka ɓarnarmu tana nan kullum, sai dai ba ta magana sai ranar da aka sa ta aiki. Kwana biyar ɗin da muka samu bayan canza boris ma, makaniki ne ya mayar da hob ya bar shi a buɗe, ba mu kuwa shiga yashi ba sai a rana ta shida. Masu yawancin Prado, wadda ƙafa huɗunta ke ja kullum, da masu sabbin motocin da ba su da hob na hannu, wannan gwaji na hob bai shafe su ba, amma sauran da za mu kawo ya shafi kowa.

Tambayoyi shida kafin a kwance ko noti ɗaya

Abin da muka koya shi ne, duk ƙarar da ke zuwa ta tafi tana da sharaɗin da ke kawo ta. Aikin mai mota da direba su gano sharaɗin, kuma a riƙa canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. In ka ba saniya magani uku rana guda ta warke, ba ka san wanda ya yi aiki ba.

Na farko, ƙarar inji take bi ko gudun mota? A tsaya cik a taka totur. In ta fito, a nemi abin a inji ko salansa ko kujerun inji. In sai ana tafiya take fitowa, a sami hanya miƙaƙƙiya marar jama'a a taka kuloci na ɗan lokaci. In inji ya lafa ita ba ta lafa ba, to daga giyabos zuwa taya take.

Na biyu, yaya saurin bugunta? A irin waɗannan motoci farfela na juyawa kusan sau 4 kafin taya ta juya sau ɗaya. Ƙarar da ke zuwa ɗaya-ɗaya daidai da zagayen taya, a duba taya da birki da boris. Wadda ke zuwa a jere da sauri alhali mota na rarrafe, a duba farfela.

Na uku, totur na canza ta? Kukan haƙoran tulun aksul yakan tashi in an taka, ya sauya ko ya ɓace in an saki. Ƙwas guda da ake ji lokacin tashi, ko lokacin da aka koma ribas, yawanci kuros ne da ya yi sako-sako ko notin mahaɗin farfela da ya kwance.

Na huɗu, sitiyari na canza ta? Gurnanin boris bai damu da totur ba, amma in an karkata mota hagu nauyi ya koma dama sai ya ƙaru in na dama ne ya lalace, haka kuma ɗaya gefen. Ƙas-ƙas-ƙas da ake ji in an karya sitiyari gaba ɗaya cikin fowil a kan yashi, wannan gwiwar da ke cikin ƙwallon aksul na gaba ce, bayan taya.

Na biyar, hob a buɗe ko a kulle, sanda a H2 ko a H4? A gwada kowanne dabam a hanyar ƙasa. A tabbata kuma an murɗa hob ya kai maƙura, kuma biyun suna wuri ɗaya. Hob ɗin da ya tsaya a tsakiya, ko wanda tsohon giris da ƙura suka daskarar, yakan kama ya saki, ya yi ƙara kamar ana gurza ƙarfe.

Na shida, da sanyi ko da zafi, da kaya ko wayam? Akwai ƙarar da ba ta fitowa sai an yi tafiyar awa guda mai ya tsinke. Akwai wadda sai an ɗora buhu goma sifirin ya kwanta, farfela ta canza kwana, ko salansa ta taɓa shasi. Bayan doguwar tafiya a kusantar da bayan hannu ga kowane hob da kowane tulu, a hankali kada a ƙone. Wanda ya fi 'yan uwansa zafi shi ne abin tuhuma.

Mu yanzu akwai ɗan littafi a aljihun mota. Duk ranar da aka ji baƙon sauti, direba na rubuta rana da wuri da gudu da kayan da aka ɗauka da yadda hob yake, da boko ko da ajami. Yaron mota kuma na ɗaukar sautin da waya. In an je gareji, da shaida ake zuwa.

Abin da ke kashe kayan ƙasa a yankinmu

Ruwa da laka su ne na gaba. Aksul mai zafi in ya faɗa ruwan mayo mai sanyi, iskar cikinsa na tsukewa ya zuƙo ruwa ta bakin roba ko ta ɗan bututun numfashinsa. Bayan an ratsa ruwa mai zurfi a buɗe notin mai a duba. In man ya koma kamar shayi da madara, a juye shi ran nan. A yawancinsu notin ƙasa na da maganaɗisu. Laushin garin ƙarfe kaɗan a jikinsa ba abin tsoro ba ne, amma in an ga ɓarɓashi mai kama da tsakuwa, kada a ɗaga tafiya. A ɗura giris a kowane kuros har sai sabo ya ɓullo ta huluna huɗun, nonon da ya toshe kuma a canza shi. A lura, kuros ɗin da ya ƙage ba ya motsi in an girgiza farfela da hannu, sai ya yi kamar lafiyayye. Jan garin tsatsa a bakin hula shi ke tona masa asiri.

Na biyu shi ne tafiya cikin H4 ko L4 a kan kwalta. Taransifar irin wannan mota na tilasta wa gaba da baya su juya daidai wa daida, alhali a kwana tayun gaba sun fi na baya nisan zagaye. A yashi taya na ɗan zamewa ta huce. A kwalta ba ta samun wannan, sai ƙarfe ya yi ta murɗuwa, sitiyari ya yi nauyi, sanda ya ƙi fita. In haka ta faru a yi ribas a miƙe na 'yan taku, zai saki. Haka nan haɗa tayu masu girma dabam, ko sabuwa fil da gwanjon da ta suɗe, yana jawo irin wannan murɗuwa ko a miƙaƙƙiyar hanya. In lambar tayunka 7.50R16 ce, huɗun su zama ita, har da safaya.

Kada kuma a ce tun da haka ne an daina kulle hob. Littafin Toyota na motoci masu hob na hannu ya ce a riƙa tafiya da shi a kulle kimanin kilomita 16 kowane wata domin mai ya zagaya kayan gaba. Lafiyayyar mota ba ta kuka don an kulle mata hob. In ta yi kuka, akwai abin da take faɗa.

Gargaɗi a kan rai

Kuros in ya tsinke ana gudu, farfela na zama kulki. Tana iya fasa giyabos ko ta yanke bututun birki, ta baya kuma in bakinta na gaba ya faɗi yana iya cakar ƙasa ya wuntsila mota. Saboda haka in rawa ta taso a rage gudu, a nemi gari mafi kusa tun da rana. In ta gaba ce ta lalace, a buɗe hob biyu a koma H2, za a isa gida lafiya in Allah Ya yarda. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da ke kan jak kaɗai. Kada kuma a kwance farfela sai a wuri mai daidai an danne tayu gaba da baya, domin da an cire ta baya giya ba ta riƙe mota. A sa alama kafin a kwance, a mayar da ita yadda aka same ta, in ba haka ba sai a sayi sabuwar rawa da kuɗinka.

Motarmu dai tana nan, ba mu sayar ba. Yaron mota ya sami famfon giris nasa na kansa, kuma mun yi masa alkawari duk saurin da muke yi za mu tsaya a wuri mai aminci ya sauka ya duba hob. Muna roƙon shugabannin ƙungiya, in an zo taro na gaba, a gayyato wani ƙwararren makaniki ya zauna da direbobinmu ko na awa biyu ne, kowa ya zo da motarsa da tambayarsa. Wanda kuma yake da irin wannan labari ya aiko a buga, mu ƙaru da juna.

Allah Ya tsare mu a hanya, Ya ba yankinmu zaman lafiya, Ya sa albarka a cinikinmu, amin. Wassalamu alaikum.